Kafin Mu Ce Daƙiƙi Ne

Duk wanda ya shekara goma yana riƙe da alli a makarantar firamare ya san wannan yaro. Idan aka yi tambaya da baki, shi ne kan riga kowa ɗaga hannu. Idan aka ba da tatsuniya, zai maimaita ta tiryan-tiryan har ya ƙara mata gishiri. Ranar kasuwa yakan tsare wa mahaifinsa tebur, ya ba da canji ba kuskuren ko sisi. Amma da an ce ya miƙe ya karanta jimla ɗaya daga kan allo, sai ka ga gumi ya keto masa, ya kama harafin farko ya cinci sauran, 'yan aji su fashe da dariya. Mu kuwa nan take sai mu yanke hukunci: ko dai wasa ya yi masa yawa, ko kuma daƙiƙi ne.

Shekarun baya mun koyar da irin wannan yaro a aji huɗu, a wata makarantar ƙauye. Zango guda cur muna zaton ya iya karatu, domin in aka buɗe littafin Hausa aka ce ya karanta, sai ya zuba shafi guda ba gargada. Asirin ya tonu ne ranar da muka kwafe kalmomin wannan shafi a kan allo, muka sauya musu jeri. Ko ɗaya bai iya fitarwa ba. Ashe haddace littafin ya yi daga sauraron abokansa, yana duban hoton da ke saman shafi ya gane inda zai fara. Maimakon mu tsaya mu yi mamakin ƙwaƙwalwar da ta haddace littafi sukutum, sai muka ɗauki abin yaudara, muka sa masa bulala. Bai kai ƙarshen aji biyar ba ya daina zuwa. Bayan shekaru muka same shi a bakin tasha ya zama bakanike, ya gyara mana babur cikin 'yan mintoci bayan wasu biyu sun kasa. Da muka zo tafiya sai ya miƙo wayarsa cikin ladabi ya ce, "Malam, don Allah a duba mini abin da aka rubuto nan." Har yau wannan roƙo bai bar zuciyarmu ba.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da muke son tunatar da kanmu da 'yan'uwa malamai shi ne, akwai yaran da haɗa baƙi ke yi wa nauyi saboda yadda Allah ya tsara ƙwaƙwalwarsu, alhali hankalinsu lafiya lau yake. Kuma mafi yawan abin da waɗannan yara suke buƙata yana hannun malamin aji, tun kafin wani ƙwararre ya iso daga birni.

Abin da masana suka gano

Sunan wannan matsala a wurin masana shi ne disileksiya. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya fara amfani da kalmar a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai hazaƙa, gwani a lissafi, wanda ya kasa karanta ƙananan kalmomi duk da shekarun da ya yi a makaranta. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake karatu, da babu wanda zai sha gabansa a makarantar. Duk malamin da ya karanta wannan labari zai ga fuskar wani ɗalibinsa a ciki.

Da farko an zaci ciwon ido ne, har ana kiransa makantar kalma. Daga baya bincike ya nuna tushen matsalar yana wajen sarrafa sautin magana. Kowace kalma jerin sautuka ce, shi kuwa rubutu hanya ce ta ba kowane sauti alama. Yaron da ba shi da matsala, in ka ce masa ya cire sautin farko daga "gado", bayan ɗan horo zai ce maka "ado". In ka ce ya sauya sautin farko na "kaza" ya sa "m", zai ce "maza". Yaro mai disileksiya yana jin kalmar dunƙule, kamar curin fura da ba a dama ba. Ɓanɓare ta sauti sauti yana yi masa wuya, haɗa kowane sauti da harafinsa yana yi masa wuya, tuno sautin da sauri in ya ga harafin ma haka.

Masana sun sha bamban kan yawan masu ita, gwargwadon inda kowa ya ja layi, amma yawanci ana ambaton tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na mutane. In mun ɗauki wannan ƙiyasi, ajin da ke da yara 80 yana ɗauke da huɗu zuwa takwas. An kuma tabbatar tana bin dangi, ba ta da alaƙa da kaifin hankali ko rashinsa, kuma tana samun maza da mata. Abin da ya sa muka fi lura da maza shi ne su kan juya kunyarsu ta zama fitina, ita kuwa yarinya sai ta ja hijabinta ta koma lungun aji ta yi shiru har ta gama firamare ba wanda ya ankara. Ba ta warkewa kamar zazzaɓi, amma yaron da aka koyar ta hanyar da ta dace yana iya karatu, ya yi sakandare, ya yi jami'a.

Yadda take bayyana a karatun Hausa

Mu masu koyar da Hausa muna da wata sa'a. Rubutun boko na Hausa yana bin lafazi sosai: harafin "c" sauti ɗaya yake bayarwa a "ciki" da "cokali" da "cuta", a Turanci kuwa harafin nan yakan zama "k" a wata kalma, ya zama "s" a wata. Wani bincike da aka buga a 2001 ya kwatanta masu disileksiya a Italiya da Faransa da Ingila, ya gano matsalar iri ɗaya ce a ƙwaƙwalwarsu, amma 'yan Italiya sun fi iya karatu saboda rubutunsu yana bin lafazi. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, yaron da zai yi nasara a kan wannan matsala ya fi kusa da yin ta ta ƙofar Hausa, harshen da yake tunani da shi, kafin a ɗora masa Turanci. Wani darasin kuma, a harshe irin namu matsalar takan ɓuya. Yaro yana iya fitar da kalma daidai, amma gaɓa gaɓa, da nishi, ta yadda kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Don haka jinkiri da gajiya alama ce da ta cancanci kulawa kamar yadda kuskure ya cancanta.

Hausa ma tana da nata tarkon. Haruffa huɗu, b da d da ɓ da ɗ, sanda ce da tulu a kowannensu, bambancin kawai ɓangaren da tulun ya fuskanta da ƙugiyar da ke sama. Akwai baƙaƙe masu goyo irin sh da ts da ky da ƙw, inda haruffa biyu ke wakiltar sauti ɗaya. Sannan rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rubutu ɗaya, haka "gado" na kwanciya da "gado" na magada. Mai karatu sai ya dogara da ma'anar jimla ya zaɓa, wanda kuwa duk ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙi ba shi da rarar da zai duba ma'ana. A nan muna da laifin da za mu iya gyarawa gobe da safe: da yawanmu in muna rubutu a kan allo ba mu sa ƙugiya, mu rubuta "baki" muna nufin "baƙi", mu rubuta "kafa" muna nufin "ƙafa". Yaro mai ƙarfi zai gane, mai rauni kuwa mun ƙara masa duhu.

Kada kuma mu manta yawancin yaranmu rubutu biyu suke koyo a lokaci guda, da safe daga hagu zuwa dama, da yamma a Islamiyya ko makarantar allo daga dama zuwa hagu. Juya harafi ko lamba abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara bakwai, su daina da kansu. Saboda haka ganin yaro ɗan aji ɗaya ya rubuta d a gurbin b bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne in abin ya ɗore, ya kuma haɗu da wahalar raba sautuka.

Kafin mu yi zato

Akwai tambayar da duk malami mai gaskiya zai yi: a makarantun da rabin aji ba su iya karatu ba, ta yaya za a gane mai disileksiya daga wanda ba a koya masa ba? Tambaya ce mai nauyi, amsarta kuma tana farawa da kawar da sauran dalilai. Shin yaron yana ganin allo daga inda yake zaune? Shin yana ji da kunnuwa biyu, ko akwai wanda ke zubar da ruwa? Ya karya kumallo? Kwana nawa ya zo makaranta a zangon da ya wuce, nawa gona da talla da zazzaɓin cizon sauro ko ciwon sikila suka cinye? Da Hausa ake magana a gidansu, ko da Fulatanci ko Barbarci? Rajistar aji da hira ta minti biyar da uwa ko uba sukan amsa yawancin waɗannan.

Sai tambayar da ta fi ɗaci, wadda ta shafe mu. Shin mun taɓa koya masa sautin haruffa ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa muna karanta jimla ne aji ya amsa da murya ɗaya? Wannan amshi na taron dangi shi ne bargon da yaro mai matsala ke lulluɓa da shi shekara da shekaru. Baki yana motsi, malami ya gamsu, ba wanda ya san ido bai taɓa sauka kan kalmar ba.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. A zauna da yaro shi kaɗai na minti biyar, a nuna masa haruffa a warwatse ya faɗi sautinsu, a ba shi kalmomin da ba su da ma'ana irin "mizu" da "ɗeko", waɗanda ba yadda za a yi ya haddace su, sannan a yi masa shiftar kalmomi biyar. A rubuta sakamakon a littafi da kwanan wata. Duk waɗanda suka gaza a tara su rukuni ɗaya a koyar da su sauti da gaɓa kullum har zango guda. Mafi yawansu za su tashi, domin abin da ya dame su rashin koyarwa ne. 'Yan kaɗan da suka zo kullum, suka yi ƙoƙari, amma abin da suka koya Litinin ya zube kafin Laraba, su ne waɗanda muke magana a kansu. Ba aikinmu ba ne mu liƙa wa yaro sunan cuta, wannan na ƙwararru ne. Aikinmu mu lura, mu rubuta, mu sauya salon koyarwa.

Abin da za mu iya yi da abin da ke hannunmu

A shekarun 1930 wani likita a Amurka, Samuel Orton, da wata malama, Anna Gillingham, suka tsara hanyar koyarwa da har yau ake gina darussan masu disileksiya a kanta. Ginshiƙanta su ne a koyar da sauti da harafi a fili, bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a yawaita maimaici, a kuma sa ido da kunne da baki da hannu su yi aiki tare. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan baƙon abu ba. Alaramma ba ya kai yaro ga haɗa kalma sai ya gama babbaƙu ya shiga farfaru, almajiri kuma yana bin harafi da yatsa a kan allo yana furta shi. Kowane almajiri da inda karatunsa ya tsaya, ba a jan sa gaba don abokinsa ya wuce.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Rairayin harabar makaranta allo ne da ba ya ƙarewa: yaro ya zana harafi babba da yatsa yana furta sautinsa. Marufan kwalba da aka rubuta wa haruffa suna ba shi damar ɗaukar "k" daga "kaza" ya ajiye "m" da hannunsa, ya ga yadda kalma ke sauyawa. Yumɓu yana zama harafin da za a taɓa, tsohon kwali yana zama katin gaɓa. Tafi yana raba "ma-ka-ran-ta" gida huɗu. A koyar da b har ta zauna daram, a bar makonni su wuce kafin a kawo d, kada a gabatar da su rana ɗaya. A rubuta masa gajerun jimloli da haruffan da ya riga ya sani kaɗai, domin ya ɗanɗani daɗin karanta abu da kansa daga farko har ƙarshe. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a amfani, saboda irin wannan ƙwaƙwalwa da yawan maimaici take riƙe abu.

Da yawa daga cikinmu sun halarci bitar Jolly Phonics, wasu sun yi aiki da littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, ko na shirin RANA a Katsina da Zamfara. Akwai kuma tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, na raba yara gwargwadon matakin karatunsu maimakon ajinsu na wani ɓangare na yini. Duk waɗannan suna tafiya kan turbar koyar da sauti bi da bi. Abin da ke kashe su shi ne a gama bita, a karɓi kuɗin mota, a jefa littafin cikin kabad ɗin hedimasta. Mu ciro su.

Bayan darasin karatu akwai sauran yini, a nan ne ƙananan sauye-sauye suke yin babban aiki. A zaunar da yaron gaba, kusa da abokin da ba ya yi masa dariya. Kada a tashe shi karatu a bainar aji ba shiri. In ana so ya karanta, a ba shi layi biyu tun jiya ya gwada a gida, gobe ya karanta su da ƙarfin zuciya. A rage masa kwafe daga allo, domin yakan ɗauki harafi ɗaya ɗaya ne, ya ɗaga kai ya rasa inda ya tsaya, kafin ya kai rabi an goge. A ba da umarni ɗaya a lokaci guda. A darussan addini da kimiyya da zamantakewa, a karanta masa tambaya ya amsa da baki, tunda abin da ake aunawa sanin darasin ne. In ya yi rubutu, a duba ma'anar daban, a zaɓi kuskure biyu ko uku a gyara, kada a mayar masa da shafi jajir da jan biro. A jarrabawa a ƙara masa lokaci.

Sai babbar magana, wato bulala da kunyatarwa. Ba a taɓa dukan yaro ya ga allo don idonsa ba ya gani ba, haka duka ba ya koya wa ƙwaƙwalwa raba sauti. Abin da yake koyarwa shi ne tsoron littafi. Haka al'adar kiran sakamako a taron makaranta, a ambaci na ƙarshe yara su yi masa ihu. Yaron da aka yi wa haka sau uku ya riga ya bar makaranta a zuciyarsa, gangar jikin ce ta rage. Mu nemi abin da ya iya, ko zane ne, ko hadda, ko tsere, ko gyaran abin da ya lalace, mu ba shi dama ya yi shi a gaban aji, domin su san shi da wani suna ban da wanda ya kasa karatu.

Sauran matsalolin

Disileksiya ba ita kaɗai ba ce, kuma sau da yawa ba ta zuwa ita kaɗai. Akwai yaron da karatu bai dame shi ba amma lamba ta gagare shi: bai ji a jikinsa cewa takwas ta fi biyar ba, har aji biyar yana ƙirga da yatsu, jadawalin sau ba ya zama a kansa. Wannan yana buƙatar tsakuwa da tsinke da kuɗin wasa na tsawon lokaci kafin a koma lamba zalla. Akwai wanda ya san amsa amma hannunsa ba ya bin umarninsa, rubutunsa kamar tafiyar kaza, fensir yana gajiyar da shi. Shi layuka masu faɗi da ɗan rubutu kaɗan mai kyau suka fi masa. Akwai kuma wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, hankalinsa kamar tsuntsu. A gutsuttsura masa aiki, a aike shi ya goge allo ko ya raba littattafai, motsin ya zama da izini. Ƙa'idar ɗaya ce a dukkansu: a gano takamaiman abin da ya tsaya, a nemi wata hanyar zuwa gare shi.

Mu da iyaye

Wannan mujalla tana shiga gidajenmu, iyalanmu suna karantawa, kuma 'ya'yan malamai ba su tsira daga wannan ba. Hasali ma ɗan malami ya fi shan wuya, domin ana ganin gazawarsa abin kunya ne ga uba. In muka kira uba ko uwa, kada mu fara da jerin laifuka. Mu fara da abin da yaron ya iya, sannan mu ce haɗa baƙi ne yake yi masa nauyi, ba shi kaɗai ba ne, kuma akwai hanya. Mu tambaya a hankali ko akwai wani a dangi da ya sha irin wannan wahala. Sau da yawa uban kan yi shiru, can ya ce shi ma haka ya bar makaranta.

Wasu iyaye za su ce sammu ne ko shafar aljanu, wasu su ce kansa ba na boko ba ne, gara a kai shi gareji, yarinya kuwa a ɗora mata talla kafin miji ya fito. Ba raini za mu mayar musu ba. Addu'a abin so ce ga kowane yaro, sai mu roƙe su su haɗa ta da zuwa makaranta kullum da daina duka a kan karatu. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da rawar takawa. Kacici-kacici da wasan karya harshe da neman kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, duk horon kunne ne, ana yin su a gindin murhu.

Uzurinmu da amsarsa

Za a ce mana, malamin da ke fama da yara casa'in a aji mai rufin da ke yoyo, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ina ya ga lokacin yara biyar? Wannan ƙorafi gaskiya ne, ba mu raina shi ba, mu ma cikinsa muke. Sai dai mu lura da abu biyu. Na farko, rabin abin da muka lissafa ba ya cin ko kwabo ko minti ɗaya: ajiye bulala, sa ƙugiya a kan harafi, sauya wa yaro wurin zama. Na biyu, koyar da sauti bi da bi yana ɗaga dukkan aji. Abin da yake dole ga mai disileksiya alheri ne ga sauran tamanin da biyar.

Za a kuma ce wannan ciwon 'ya'yan masu kuɗi ne, na makarantun da ake biya da miliyoyi. Bambancin kawai shi ne ɗan mai kuɗi ana gwada shi a ba matsalarsa suna, a ɗauko masa malami na musamman, ɗan talaka kuwa ana ba shi nasa sunan kyauta, ya tafi da shi har tsufa. Masu tsoron kada kalmar disileksiya ta zama tambari a goshin yaro suna da hujja, shi ya sa muka ce a bar ta cikin littafin malami da tattaunawa da iyaye. Amma ai yaron ya riga ya sami tambari, mu ne muka buga masa.

Abin da ya rage wa ƙungiya

Ƙoƙarin malami ɗaya yana da iyaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A takarda ba mu rasa madogara ba. Sanarwar Salamanka ta 1994 ta nemi makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro da irin buƙatarsa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, ta fitar da manufar ƙasa kan ilimin masu buƙata ta musamman a 2015, aka kuma sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya a Janairun 2019. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta ilimin tushe kyauta ga kowane yaro, manufar ilimi ta ƙasa kuma ta ambaci malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Akwai kwalejin ilimi ta tarayya a Oyo da aka keɓe wa ilimi na musamman, akwai sassan wannan fanni a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos. Mu da muka yi NCE mun tuna ɗan abin da aka koya mana a wannan fanni ya fi karkata ga makafi da kurame da guragu, waɗanda ido ke gani. Yaron da matsalarsa ba ta bayyana a jiki bai sami gurbi sosai a darasin ba.

Don haka muna ba reshenmu shawara ya sa waɗannan cikin abin da yake kai wa hukumomin ilimi na jiha da na ƙaramar hukuma, kafaɗa da kafaɗa da maganar albashi da ƙarin girma. A shirya bita mai ɗorewa kan gano matsalolin koyo ga malaman aji ɗaya zuwa uku. A samar da aƙalla malami ɗaya mai horo a ilimi na musamman da zai riƙa zagaya makarantun kowace gunduma, wanda za mu iya tura masa yaron da ya gagare mu. A haɗa kai da asibitocin sha-ka-tafi a duba ido da kunnen kowane yaro a shekararsa ta farko. A rubuta a ƙa'idar jarrabawar makarantu cewa an yarda a ƙara wa irin waɗannan yara lokaci, domin kada malamin da ya yi hakan a zarge shi da son kai. A ci gaba da matsa lamba kan rage cunkoso, tunda duk wata dabara tana nutsewa a ajin yara ɗari.

Kafin hukuma ta amsa, akwai abin da ba sai mun nemi izinin kowa ba. A taron reshe na wata wata a ware minti ashirin, malami ɗaya ya kawo labarin yaro ɗaya ba tare da ambaton sunansa ba, ya faɗi abin da ya gwada, sauran su ba da shawara. Kowannenmu kuma, a makon farko na zango mai zuwa, ya ɗauki rajista ya zaɓi yara uku da ya riga ya fitar da rai da su, ya zauna da kowannensu na minti biyar, ya rubuta abin da ya gani. A ƙarshen zango mu haɗu mu kwatanta littattafanmu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gano a aji ɗaya ko biyu ya fi saurin miƙewa nesa ba kusa ba a kan wanda aka bari har aji shida. Wancan bakaniken na bakin tasha ya riga ya wuce hannunmu, amma ƙannensa da 'ya'yansa suna zaune a gabanmu kowace safiya. Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya ba mu haƙuri da basirar sauke wannan amana.